Wata Ya Cika, Naƙuda Shiru

Ƴar ƙanwata ta zo goyon ciki gidana a Bukoki ƙarshen damina. Cikin fari ne. Ta iso da akwatinta, da ƙunshin kayan jariri da ta tura ƙarƙashin gado saboda kunya, da karnen awo naɗe cikin leda kamar takardar fili. A shafin farko sajfam, wato ungozomar asibiti, ta rubuta wata rana, ta zagaye ta da jan biro. Yarinyar nan ta riƙe wannan rana kamar ranar tashin jirgin alhazai. Mijinta ma ya fi ta zumuɗi: ya sayi rago ya ɗaure, ya ƙirga kwana bakwai a kai, ya shaida wa abokansa ranar suna.

Ranar ta zo, ta wuce. Rago na ta cin harawa, naƙuda shiru. A kwana na uku waya ta fara ruri. Uwar miji ta kira daga Maraɗi da asuba, ta sake kira bayan la'asar, tambayar dai ɗaya ce: "Har yanzu?" Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana dariya, wai ko cikin raƙuma aka ɗauka. Wata ta ce zaƙi ne ya tare hanya, ta aiko da jiƙo a gora. Wata ta ja ni gefe ta ce ta san mai allura, guda ɗaya tak, kafin magariba an sauka. Ita kuwa gwaggona, wadda ta haifi goma sha ɗaya a ɗaki, cewa ta yi a ƙyale yarinya ta sarara, ba a taɓa cikin da ya ƙi fita ba, kowane ɗa da ranarsa.

Ina zaune tsakanin masu cewa a hanzarta da masu cewa a yi haƙuri, sai na lura duk cikinsu babu wadda ta tambayi satin cikin nawa. Kowa na ba da magani, ba wanda ya riƙe lissafi. Shi ya sa na ga gara in yi muku wannan magana tun ranar taku ba ta zo ba, ku ƴaƴana mata da ke ɗakin sabon aure, da ku samarin da kuka ajiye su.

Ranar nan ta jan biro kintace ce. Likitoci na ƙirgawa daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara zuwa, su ɗora kwana 280, wato sati 40. Hanyar mai sauƙi ce: a ƙara kwana bakwai, a ƙara wata tara. Wadda jininta na ƙarshe ya fara ran 10 ga Janairu, ranarta 17 ga Oktoba ke nan. Ana jingina wannan lissafi ga wani likitan Jamus, Franz Naegele, wanda ya rasu tun 1851, kuma lissafin ya ɗauka cewa kowace mace tana ganin wata duk kwana 28, ciki kuma yana shiga kwana 14 bayan farawar jini. Wace ce a cikinku jikinta ke tafiya haka kamar agogo? Ku lura kuma, a sati biyun farko na ƙirgen babu ma cikin tukuna. In an cire su saura kwana 266, wanda ya yi kusan daidai da tsayuwar wata sau tara. Ashe kakanninmu da ke duban sama su ce wata tara ba su ɓata ba, wurin fara ƙirgen ne ya bambanta. Jariran da ke zuwa daidai ranar da aka rubuta ba su wuce huɗu ko biyar cikin ɗari ba. Sauran wasu su riga, wasu su makara, kuma cikin fari ya fi yawan makara.

Akwai wani ruɗani da ya shafe mu mutanen Nijar musamman. A Faransa ranar da ake ba mace ta cikar sati 41 ce, a Ingila da Amurka da Nijeriya kuwa ta cikar sati 40. Mu da ma'aikatanmu suka yi karatu da littattafan Faransanci, ƴan'uwanmu na Kano da Katsina kuma da na Ingilishi, ana iya samun ƴan mata biyu da suka ɗauki ciki rana ɗaya, amma ranakun da aka rubuta musu su sha bamban da sati guda. Don haka ki buɗe baki ki tambayi sajfam: "Wannan ranar, ta sati arba'in ce ko ta arba'in da ɗaya?" A karne za ki ga lamba, a gabanta haruffa biyu, SA. Satin cikinki ke nan. Ko ba ki yi lakwal ba, ki sa a karanta miki wannan lambar duk zuwa awo, ki riƙe ta a ka.

To amma gini ba ya fin tushensa ƙwari, kuma nan ne tamu matsalar take. Sajfam ta tambayi yarinya yaushe ta ga jininta na ƙarshe, sai ta sunkuyar da kai ta ce wajen ƙaramar salla. Kafin salla ko bayanta? Da kwana nawa? Wata tana goyo ta ɗauki ciki, jinin bai ma dawo ba tun haihuwar baya. Wata ta bar allurar tsarin iyali, al'adarta ta rikice wata da watanni. Irin waɗannan ba abin da zai faɗi tsufan cikinsu sai eko, wato hoton ciki, shi kuma eko yana da lokacinsa. In an yi shi a wata ukun farko, kafin sati 14, ana auna tsawon ɗan tayi daga kai zuwa mazaunai, kuskuren ba ya wuce kwana biyar zuwa bakwai, domin a lokacin ƴan tayi duk kusan girmansu ɗaya. In an bari sai wata na bakwai ko na takwas, kowane ɗa ya riga ya ɗauko jikin gidansu, ɗan gidan dogaye ya miƙe, ɗan gidan gajeru ya dunƙule, kuskuren na iya kaiwa sati uku gaba ko baya. Shi ya sa ekon farko ake bi. Ba a sauya rana don na ƙarshe ya faɗi wani abu daban.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, zuwan farko cikin sati 12 na farko, a kuma yi mata eko kafin sati 24. Mu kuwa me muke yi? Ɓoyo. Ana tsoron bakin mutane, ana jin nauyin surukai, sai ciki ya kai wata biyar ko shida, zane ya kasa rufe shi, sannan a lallaɓa a je awo. Ba na raina kunya. Da ita aka tashe ni, har yau ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba. Sai dai sajfam ba surukarki ba ce. Ki ɓoye wa unguwa in kin so, ki ɓoye wa kishiya, amma watan da kika ga kin yi ɓatan wata ki rubuta ranar jininki na ƙarshe a waya ko a jikin kalanda, ki sa hijabinki ki tafi awo ba tare da kowa ya sani ba. Shawarar da za a yanke miki a wata na goma, a wata na uku ake aza tubalinta. Tun ran gini ran zane.

Ita ƴar ƙanwata laulayi ne ya yi mata rana. Amai ya galabaitar da ita har aka kwantar da ita aka ƙara mata ruwa, a nan aka yi mata eko tana sati 11. Da ba don haka ba, na san halinta, sai ciki ya yi ƙwari za ta yarda akwai shi. Da na ɗauko takardar na kai wa sajfam, ta duba ta ce ranar jan biro ta sati 40 ce, kuma tabbatacciya ce. Daga nan hankalina ya kwanta, domin mun san inda muke tsaye.

Za ku ji tsofaffi na zancen ciki ya kwanta, ya yi shekara biyu ko uku sannan a tashe shi. Har a littattafan fiƙihun Malikiyya akwai maganar iyakar zaman ciki, wasu malamai suka kai shi shekara huɗu, wasu biyar. Wannan magana ce ta alƙalai, ta tsare nasabar ɗa da mutuncin uwarsa, na bar wa malamai fagensu. Abin da likita ke tararwa in an kawo masa kwantaccen ciki shi ne ko dai lissafi ya kuskure, ko an yi ɓari ba a sani ba aka sake ɗaukar wani, ko ɗan ya mutu a ciki, ko kuwa ƙari ne a mahaifa. Duk cikinsu babu wanda zaman ɗaki ke warwarewa.

Gwaggona ta yi gaskiya a rabin zancenta. Mafi yawan matan da suka wuce sati 40, naƙuda na zuwar musu da kanta cikin ƴan kwanaki. Ɗaya rabin da ba ta sani ba shi ne zancen mabiyiya. Ita ke ciyar da ɗa, ita ke kai masa iska daga jinin uwa, kuma aikin wata tara aka yi ta dominsa. In lokaci ya ja, a jikin wasu matan sai ta fara gajiya kamar rijiya a watan Mayu: ruwa na nan, amma guga ba ya cika. Ruwan da ɗan ke kwance ciki ya ragu, cibiya ta matsu. Ɗa in ya wahala yakan yi kashi tun yana ciki, baƙin kashin nan mai kore-kore na farko, ya kuma iya shaƙar sa cikin huhu. Wani kuma mabiyiyarsa garau take, sai ya ci gaba da girma, ya haura kilo huɗu, kai ya yi ƙwari, kafaɗa ta maƙale a hanya. A ƙasar da ake kai yarinya ɗaki ƙugunta bai gama buɗewa ba, mun san abin da doguwar naƙuda ke bari: gawar jariri da yoyon fitsari.

Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara bayanan ciki miliyan 15 a ƙasashe masu hali, ya nuna haɗarin mutuwar ɗa a ciki yana kusan ɗaya cikin dubu goma a sati 37, amma a sati 42 ya kai uku cikin dubu. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙasar Suwidin. Tsakanin 2016 da 2018, a asibitoci 14, an raba mata 2,760 da suka kai sati 41 gida biyu. Rabi aka tayar musu da naƙuda nan take, rabi aka jira da su har sati 42. A gidan masu jira jarirai shida suka rasu, a ɗaya gidan ko guda. Masu binciken suka tsayar da aikin bai kai ƙarshe ba, don sun ga ci gaba da shi ya zama ɗaukar alhaki. Da aka haɗa sakamakon da na wani gwaji irinsa a ƙasar Holan, sai aka ga amfanin tayar da naƙuda ya fi bayyana ga masu cikin fari, wato irinku.

Shida cikin dubu ɗaya da ɗari uku da wani abu kaɗan ne, kuma sauran duk sun tafi gida da ƴaƴansu, kada in tsorata ku a banza. Amma waɗannan mata ne da motar asibiti ke zuwa ƙofar gidansu cikin mintoci. Ki kwatanta da mai zama a Kirkisoye ko Saga, cikin dare, ana ruwa, lungu ya cika da taɓo.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011, wadda ta sake jaddadawa daga baya, ita ce a tayar da naƙuda ga matar da aka tabbatar ta kai sati 41. Ku riƙe kalmar nan, tabbatar. Kafin sati 41 kuwa, in uwa da ɗa lafiya suke, ba ta ba da shawarar a taɓa ciki ba. Gajiya da nauyi ba dalili ba ne, zuwan salla ba dalili ba ne, ƙarewar hutun maigida ba dalili ba ne, balle tsadar harawa. Dalilan da ke sa a tayar da wuri daban suke: hawan jini mai barazanar jijjiga, ciwon suga, faya ta fashe naƙuda ba ta biyo ba, ko ɗa ya daina girma. Kuna iya gani a waya cewa a Amurka ana tayarwa tun sati 39. Haka ne, an buga sakamakon wani babban gwaji a kai a 2018, amma a asibitocin da kowace mai naƙuda ke da na'ura ɗaure a ciki da ma'aikaciya a kanta. Ba a ɗauko rigar wani a sa ba tare da an gwada ba.

Ita kuwa wadda ba a san lissafinta ba, ta sa likita tsaka mai wuya. In ya tayar, wataƙila cikin sati 36 ne, a fito da ɗa bai nuna ba, a shiga neman kwalba. In ya jira, wataƙila an riga an shiga sati 43. Sai ya koma laluben duhu da bugun zuciya da yawan ruwa. Kun ga inda kunyar wata uku ke kai mutum.

Jira kuma iri biyu ne. Akwai na zama a tabarma ana ƙirga tasbaha ana sauraron masu leƙe, akwai wanda ake yi ido na kai. In kin cika sati 41 kuma aka yi shawarar a ɗan ƙara kwana, to a riƙa duba ki kamar duk bayan kwana biyu: a saurari zuciyar ɗa, a auna jininki, a dubi ruwan da eko. Ke ma kina da na'urar da ba ta buƙatar wutar lantarki, wato motsin ɗanki. Kin san halinsa, kin san lokacin da yake shura ki, bayan cin tuwo ne ko in kin kwanta. Zancen da ake yi wai ɗa yana yin lamo in haihuwa ta matso, ki watsar da shi. Wuri na iya yi masa kaɗan, salon motsin ya sauya, amma ba ya dainawa. Ranar da kika ji ya yi sanyi ba kamar kullum ba, ranar za ki tafi, ba gobe ba, ko da ƙarfe biyun dare ne. Haka in kin ga jini, ko ruwa ya zubo, musamman mai kore ko ruwan ƙasa, ko kai ya sara miki ido na ganin duhu-duhu, ko fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya rufe ki.

Da yawa suna tsoron ruwan naƙuda ne don ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu yadda abin yake. Da farko ana duba bakin mahaifa, a ga ko ya nuna, kamar dai yadda kike latsa mangwaro a kasuwa kafin ki saya. Wani likitan Amurka, Edward Bishop, ya tsara ma'aunin wannan a 1964, har yau da shi ake aiki. In ya fara laushi, sajfam na iya zagaya yatsa ta ɗan raba faya da bakin mahaifa. Ba daɗi, amma sau da yawa hakan kaɗai na kiran naƙuda cikin kwana ɗaya ko biyu. In bai nuna ba, ana sa siririyar roba mai ƴar balan-balan a kai, a cika ta da ruwa ta riƙa danna bakin a hankali, ko a ba da ƙwaya ƴar mitsitsiya a kan awo. Sai hanya ta yi laushi ake ɗaura ruwan naƙuda, ana ƙirga ɗigonsa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana sauraron zuciyar ɗa. Yana iya ɗaukar kwana guda, yana iya kai biyu ko fiye, don haka kada dangi su cika ƙofa da ƙorafi wai an ajiye yarinya ba a yi mata komai. Ba zan ɓoye muku ba, mata da yawa na cewa ciwon ya fi zuwa da ƙarfi. Wani lokaci kuma duk a yi, mahaifa ta ƙi amsawa, a ƙare da tiyata.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Maganin da ke cikin ruwan naƙuda shi ne dai a allurar da matar nan ta so a yi wa ƴata a gida. Bambancin, ruwa ana iya tsayar da shi. Da an ga mahaifa na murɗawa ba hutu sai a rufe. Allurar da aka tsira a ɗuwawu kuwa ta shiga ke nan, ba mai fito da ita. Ɗa yana samun jini ne a ɗan hutun da ke tsakanin murɗa da murɗa. In murɗar ta zo kan ta kan ta, ya rasa iska, mahaifar ma tana iya tsagewa, mace ta zubar da jininta a cikin cikinta, ba a ga ko ɗigo a zane ba.

Haka zancen ƙwayar misoprostol, wadda wasu suka sani da Cytotec. Ƙasarmu ta yi abin yabo da ita. Wani shiri na ƙasa baki ɗaya ya sa ta cikin makaman tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna mace-macen da zubar jini ke jawowa sun ragu da fiye da rabi. Saboda haka ƙwayar ta yaɗu, wata ma a wurin awo ake damƙa mata ita. Ta bayan fitowar ɗa ce. Ƙwaya guda tana ɗauke da awo 200, alhali abin da likita ke bayarwa don tayar da naƙuda 25 ne, kashi ɗaya cikin takwas, shi ma yana tsaye a kai. Wadda ta haɗiye ta da ɗa a ciki don ta gaji da jira, ta ɗauki wuƙa ta ɓangaren kaifi. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa kuwa, ko a asibiti ba a ba ta ita, don ɗinkin na iya ɓallewa. In kina da tabo a mara, ko kin haihu sau biyar ko fiye, ki faɗa da bakinki tun ba a tambaye ki ba.

Jiƙe-jiƙen gida ban ce duk ƙarya ba ne, abin tsoron ma shi ne wasu suna aiki. Akwai saiwoyin da ke murɗa mahaifa da gaske, amma ba mai iya faɗa miki ƙarfin abin da ke cikin gorar. Man zurma gudawa yake sawa, ya bar ki a galabaice ranar da kike buƙatar ƙarfi. Ki ci dabinonki in ba ki da suga, ki yi ƴar tafiya da yamma in rana ta yi sanyi, ki yi addu'a, ki sha rubutunki. Duk wannan ba ya hana ki hau taksi zuwa awo.

Wurin da za a tayar da naƙuda kuma ya zama wurin da ke da ɗakin tiyata, ko wanda zai iya kai ki can ba ɓata lokaci. Likitar unguwa ta isa awo da haihuwar da ta zo da sauƙi. In zance ya kai ga tayarwa, ki nemi takardar turawa zuwa inda ake da kayan aiki, irin Matarnite Issaka Gazobi ko asibitin Pudiriyer. Na san abin da ke bakin mutane: da an ɗaura ruwa, ƙarshenta wuƙa. Bincike bai nuna haka ba. A wani binciken Kanada da aka buga a 1992 an gwada da mata 3,407 da suka kai sati 41. Cikin waɗanda aka tayar wa, kusan 21 cikin ɗari aka yi wa tiyata, cikin masu jira kusan 25. A Suwidin ma ba a ga tiyata ta ƙaru ba. In kuma ta kama dole, tun 2005 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce a asibitocinta, a 2006 aka ƙara da awon ciki. Duk da haka ku ajiye ƴan jikkuna a gefe, domin kyautar takarda ba ta hana a miƙo muku ordinas ranar da magani ya yanke.

Ku kuma samari, rago shi ne ƙarshen abin da za ku tanada. Ka fara sanin satin cikin matarka kamar yadda ka san kuɗin litar mai. Ka riƙe lambar mai taksi biyu da za su ɗaga waya da dare, kada ka dogara da kabu-kabu. In kana Harobanda, ka tuna yadda gadar Kennedy ke cushewa safe da yamma, ka san ta inda za ka zaga. Ka nemi mutum biyu cikin ƴan'uwa ko abokai da za su ba da jini in an buƙata. In za ka tafi ci-rani Kwatano ko Abijan, ka bar izini a fili gaban mahaifiyarka da tata: duk abin da likita ya ce a yi, a yi, ba sai an same ka a waya ba. Mata nawa suka kwana a bakin ɗakin tiyata ana neman maigida ya amince, shi kuwa wayarsa ba caji? Kuma ka tare mata masu tambayar "har yanzu?" Ka ce da Hajiya cikin ladabi, "Inna, likita na dubawa, ki sa mu a addu'a." Ita yarinyar ba za ta iya faɗa ba, kai za ka iya.

Ba zan yi kamar ban san abin da ke korar mata daga asibiti ba. Tsawa, da kallon raini, da ma'aikata su yi ta Faransanci a kanki kamar ba ki wurin. An ma rubuta littafi sukutum a kan haka a 2003, na Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, bayan bincike a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Akwai kuma masu kirki da yawa da gajiya ta ci, mutum ɗaya a kan gadaje goma. Ki tafi da babbar mace mai natsuwa wadda ba ta jin tsoron farar riga. Ki yi tambayarki da Hausa ko Zabarmanci: sati nawa nake, me kuka gani, in mun jira me zai faru, in mun tayar wa zai tsaya a kaina? Jikinki ne, haƙƙinki ne a yi miki bayani kafin a taɓa ki. Tsawar minti biyar kuma tana wucewa.

Ranar da ƴar ƙanwata ta cika sati 41 muka koma. Zuciyar ɗa lafiya, amma eko ya nuna ruwa ya ja baya. Likitar, wata matashiya da ba ta girmi ƴata da yawa ba, ta juya allon ta nuna mana, ta ce ita dai ba ta son a ƙara kwana. Yarinya ta dube ni, ido ya cika da ƙwalla. Na ce mata, "Ɗiyata, ke za ki ce, amma da ni ce da na yarda." Ta gyaɗa kai. Aka sa robar ran Talata da yamma, aka ɗaura ruwa ran Laraba da hantsi, ta yi ta murƙususu tana damƙe hannuna har na ji yatsuna sun mutu. Ana kiran assalatu ran Alhamis ta sauka. Mace, kilo uku da ɗari huɗu, fatar hannunta ta yi yaushi tana saɓa, farcenta zaƙo-zaƙo kamar wadda ta daɗe tana jiran a buɗe mata ƙofa.

Gwaggo ta zo barka da sandarta, ta karɓi jaririya ta jujjuya ta, ta ce, "Ai na faɗa muku, kowane ɗa da ranarsa." Ban yi mata musu ba. Mijin ya zo yana washe baki yana ƙorafin kuɗin harawa. Gorar jiƙon nan kuwa sai bayan suna na tuna da ita a bayan randa, har ta yi kumfa. Na juye ta a gindin dogon yaro, na wanke gorar na mayar wa mai ita da godiya.